Layin da Kawu ya juya

Har gobe ban manta ranar da ladabina ya kashe kwamfutocin makaranta guda a gaban jama'a ba.

Lokacin muna da 'yar ƙungiya ta masu son manhajar kwamfuta ta Linux, muna haɗuwa a wani siber, wato shagon intanet, a unguwar Ridina. Kawu Haruna, ƙanin mamata, shi ya kafa ta, shi ya buɗe mana wiki: shafin intanet da muke rubuta yadda ake saka manhaja, kowa na iya danna maɓallin gyara ya canza abin da ya ga ba daidai ba. Ni kuwa ji nake duk garin nan ba wanda ya kai ni (gaskiya ma ƙalilan ne).

Sai wata lise, wato makarantar sakandare, ta nemi mai riƙe mata ɗakin kwamfuta, aka ce in je in gwada a gaban malamai. Ina cikin shiri na ga Kawu ya juya layi biyu a shafin. In ka bi yadda ya rubuta, na'ura ba za ta ƙara tashi ba.

Gyaran bai kai a sha ruwa ba. Amma sunana ya fito a kan aikin kawuna, kowa ya gani? A gidanmu ko "ba haka ba ne" ba a ce wa babba. Na hau babur ɗin haya na kilando har unguwar Farcha don in faɗa masa a kunne. Na tarar da shi cikin abokansa dillalan shanu, ga shayi, ga gasasshen nama.

"Ɗana, lafiya dai?"

"Lafiya lau Kawu, gaisuwa ce kawai."

Na ci, na sha, na dawo da maganata a ciki. Na ce ba komai, in an zo wurin zan tsallake da baki.

Ranar gwajin na sha riga mai guga, na tsaya ina zuba Faransanci kan 'yancin manhaja. Ashe malaman sun gaji da surutuna, sun buɗe shafin suna bi da kansu. Ina juyowa na ga allo na yin baƙi ɗaya bayan ɗaya, har na Madam shugabar makarantar.

Bakina ya riga ni: "Ai na sani, layin nan a juye yake."

Daga bayan aji Kawu, da ya zo kallona, ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun... ranar naman."

Ya kama hannuna kamar ɗan firamare, ya kai ni gaban kwamfutarsa. "Danna, ɗana. Ba ya cizo." Na gyara ina gumi, malamai na dariya (wani har da tafi, Allah ya isa).

Aikin dai Zara aka ba, wata 'yar ƙungiyarmu da ke gyara wa Kawu rubutu kullum ba ko sallama. Ni kuma na yini ina tayar da na'urori kyauta.

Abin da na koya ke nan: a gida ina da kawu, ina kuma durƙusa masa. Wiki ba shi da kawu.