Musulmin da na gano a Sahuda

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da ranar da na gabatar da babi na huɗu na kundin digirina na biyu a Mubi. Har yau in na tuna, haushi ke fara zuwa kafin kunya.

Ni mutumin Zariya ne, karatu ya kai ni can, sashen nazarin addinai. Bincikena a kan yadda Musulmi da Kirista ke kallon aƙidar juna ne. Na karanta littattafai har na fara jin kaina wani abu, saura kawai in shiga ƙauyuka in ji ta bakin mutane.

A Sahuda na gamu da Baba Haruna. Na tarar da shi zaune a kan benci a ƙofar masallaci bayan la'asar, da babbar riga da hula da farin gemu. Na yi sallama, ya amsa ta cikakkiya. Na tambayi lafiyarsa, ya ce alhamdu lillahi. To, ku gaya mini, me ya rage in tambaya?

Na kunna rikoda na ce, "Baba, yaya kake ganin Kiristocin garin nan?"

Ya ce, "Ai mutanena ne. Akwai na kirki, akwai masu ba ni ciwon kai."

"Ka taɓa shiga coci kuwa?"

"Duk Lahadi, ɗana. Sai dai in ba ni da lafiya."

Murna ta kama ni. Na tambaye shi ko ya taɓa buɗe Linjila, sai ga ayoyi yana jero mini da ka, da Hausa da yarensu. Na yi ta komawa wurinsa. Na taɓa jin yara na kiransa da wani suna, na ɗauka laƙabi ne na yarensu (ban tsaya na saurara da kyau ba, ina sauri in zama shahararre). A kansa na gina babin gaba ɗaya: ga dattijo Musulmi da zaman tare ya sa yake zuwa coci duk mako ba tare da ya bar addininsa ba. Har suna na ƙirƙiro wa abin, "aƙidar maƙwabtaka".

Na kai wa Farfesan da ke duba aikina. Takardun suka yi wata guda a ofishinsa, sannan ya dawo mini da su da kalma ɗaya a shafin farko da jan biro: madalla. Mutumin nan haifaffen Mubi ne. Da ya buɗe shafi na biyu, da ya ga hoton Baba Haruna ya gane shi.

Ranar gabatarwa ɗakin ya cika da malamai da ɗalibai. Na sha sabuwar shadda, na yi bayani ina kaiwa da komowa kamar mai wa'azi. Da na zo ƙarshe sai na haska hoton Baba Haruna a bango da majigi, na rage murya na ce, "Wannan bawan Allah ya rushe duk abin da masana suka rubuta."

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka burge su na yi.

Dakta Rifkatu, wata malama 'yar Michika da ke koyar da mu tarihin Ikilisiya, ta ɗaga hannu a hankali.

"Malam, wa ya gaya maka Musulmi ne?"

Na ce, "Dakta, ai a ƙofar masallaci na same shi."

Ta ce, "Limamin amininsa ne, tare suke tafiya gona in an idar da salla. Wannan Rabaran Haruna ne. Shi ya ɗaura mini aure."

Wani ɗalibi a baya ya fara dariya, kamar tari, daga nan ɗakin ya ɗauka. Wani malami har kifa kai ya yi a tebur. Ni kuwa ina tsaye, hoton na nan a bayana, na rasa ma maɓallin da zan danna ya ɓace. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Farfesa. Ya gyara gilashinsa, ya girgiza kai ya ce, "Kullum ina gaya wa yaran nan su riƙa zurfafa bincike." Yaran nan. Mutumin da ya rubuta madalla.

Aka soke babin, aka ƙara mini zangon karatu guda, 'yan ajinmu kuma suka koma kirana Shehin Sahuda.

Washegarin gabatarwar na shiga mota zuwa Sahuda, raina a ɓace. Na tarar da Baba Haruna a gidansa yana ɓarar masara. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini kai fasto ne ba?"

Ya dube ni ya ce, "Ka tambaye ni?"

Na ce amma ai ya ji irin tambayoyin da nake yi.

"Na ji. Ni ma na ɗauka kai Kirista ne. Duk na ambaci coci sai fuskanka ya cika da murna, ka yi ta rubutu. Har na gaya wa matana mun samu wanda zai koyar da yara ran Lahadi."

Ya sa aka kawo mini kunun gyaɗa. Na sha, don ina jin yunwa, amma ban huce ba.

Na dai gama digirin daga baya, da wani babin mai sanyi wanda bai rushe kowa ba. Abin da na koya shi ne, a Mubi hula ba ta gaya maka komai sai cewa mai ita yana da kai. Yanzu ko a kan darduma na tarar da mutum, sai in jira ya shafa addu'a in tambaye shi addininsa. Wani dattijo a Mayo Bani ya bi ni da sanda saboda haka, kuma ban ga laifinsa ba. Laifin Farfesa dai har yau ina ganinsa.