Murjanin da Dogo Ya Bari

"Lafiya lau muka tashi, in ka cire matakalar gidan nan naka," in ji Allura, tana dire jakar gishiri a bakin ƙofa. "Hawa uku. Uwargijiya ta ɗauko kaya, bawa yana tsaye yana kallo da silifa wari da wari."

Mai Tabarau ya dubi ƙafafunsa, ya ga da gaskiyarta, ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa. Bai ji kunya ba. Ya ce ai bai taɓa ganin uwargijiyar da ke haki kamar tsohuwar mota ba, ta shigo ta zauna kafin maƙwabta su ɗauka gawa aka kawo masa.

Taubasai ne. Uban Allura wa ne ga uwar Mai Tabarau, shi ya sa tun suna yara take kiransa bawanta, shi kuma ya laƙa mata Allura tun shekarar da ta fara aikin jinya. Ta yi shekara talatin a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya. Shi yana nan da shagonsa, yana auna idon mutane yana yanka musu gilashi. Jiya ya kira ta a waya ya ce ta biya shagon masu kifin ado da ke kusa da gidanta ta sayo masa gishirin teku. Jaka ta uku ke nan cikin wata biyu.

Falon bai yi mata daɗin gani ba. Labule a sauke da hantsi, kofuna uku a ƙasa, kujera ɗaya an jawo ta har gaban akwatin gilashin da ke kan teburi a jikin bango. Akwatin bai wuce kamu biyu ba, cike da ruwa, da shuɗiyar fitila a samansa da ɗan famfo yana kaɗa ruwan. Kifi ɗaya tak ke zagayawa a ciki. A kan wani dutse a tsakiya murjanin yake. Ba irin wanda mata ke sa wa a wuya ba ne, wannan mai rai ne, mai laushi kamar tsoka. Allura ta san shi lokacin da yake shimfiɗe kamar tafin hannu, jikinsa duk ƙananan gashi suna rausaya. Yanzu ya tsuke, ya karkace gefe guda, gashin ya shige, gindinsa ya yi baƙi.

"Wannan ne majinyacin?" ta ce. "Na ɗauka kunnen akuya ka jiƙa."

"Ki rage murya. Yana jin motsi."

"Ya fi ka ke nan. Kai shekara nawa ana maka magana."

Ya ce ita da ta yi shekara talatin tana miƙa wa likita almakashi ba ta da bakin magana a kan ilimin teku. Ta ce aƙalla nata majinyatan da ƙafarsu suke komawa gida, shi kuwa ko tukunyar fure aka bar masa amana sai an yi zaman makoki. Maganar na fita ta ji ta yi nauyi fiye da yadda ta nufa. Ya cire tabaransa ya shiga gogewa da gefen riga.

Akwatin na Dogo ne, ɗansa guda ɗaya. Shekara shida Dogo yana tsaye a bayan kanta a shagon uban, ransa kuwa yana wurin wannan ruwa. Ranar da ya ce ya samu aiki a wata gonar kiwon kifi a bakin teku, uban ya yi masa tas a gaban masu sayayya, ya ce namijin da ke kiwon abin da ba a ci ba ya da amfani a gida ko a waje. Dogo ya kwana biyu a gidan Allura don zuciya ta sauka. Cikin kwana biyun nan Mai Tabarau ya zare wayar wutar akwatin daga bango, da hannunsa, da gangan. Da Dogo ya dawo ya tarar da kifi bakwai suna yawo a saman ruwa, cikinsu a sama. Ya kwashe su, ya mayar da wayar, ya haɗa jakarsa. Wata bakwai ke nan bai ɗaga kiran uban ba.

Tun daga ranar Mai Tabarau ya zama mai jinyar abin da ya rage. Ya shiga lissafa mata hidimar da yake yi, kamar ɗan makaranta yana kare kansa. Yana goge gilashin safe da yamma. Ya sauya wa murjanin wuri sau huɗu. Kullum ruwa ya ragu, sai ya dama gishiri a bokiti ya cika shi har baki, bai taɓa fashi ba.

"Ruwan gishiri kake ƙarawa," in ji Allura.

"Da miya zan ƙara?"

"Bawan Allah, kuma bawana, in rana ta shanye ruwa a kwano, da gishirin take tafiya?"

Ta ce wata bakwai yana jiƙa murjanin a cikin gishiri kamar mai shirin shanya fata, saura kaɗan ya kai shi kasuwa a yi jaka da shi. Ya ce ita dai ba ta taɓa ganin teku ba sai a kalanda. Ta zuge jakar hannunta ta ciro wani ɗan bututu baƙi mai gilashi a baki ɗaya. Ta ce ma'aunin gishiri ne, ana ɗiga ruwa a kan gilashin a rufe a leƙa ta ɗaya bakin. Ta ce a shagon ta gan shi ta saya.

Ya karɓa, ya ɗiga ruwan, ya ɗaga labule ya leƙa. Layin da ke nuna yawan gishirin ya wuce inda ya kamata da nisa. Amma ba layin ya tsayar da shi ba. Ya juya bututun a hannunsa, ya kai farce kan wani ɗan ƙaramin noti a jikin murfin.

"Wannan notin na tabarau ne," ya ce. "Ni na ɗaura shi, bara, da murfin ya ɓalle. Wane shago ne yake sayar da kayan ɗana?"

Tun a mota take shirya ƙaryar, ga shi ba ta kai ko minti ɗaya ba. Ta gaya masa gaskiya. Makon jiya ta je wurin Dogo, tafiyar awa huɗu. Ta nuna masa hoton murjanin a waya, ya tambaye ta yadda ake cika ruwan, ya gano matsalar nan take. Ya ce a rage gishirin a hankali, kofi biyu a rana, a ɗebi na ciki a zuba tataccen ruwa marar gishiri, kada a yi gaggawa. Ya ce baƙin da ke gindin ruɓa ne, in ba a yanke ba zai cinye sauran.

"To ga ni," in ji Mai Tabarau. "Ba ni reza."

Ya miƙo hannu, hannun yana rawa. Ta ce da wannan hannun ko albasa ba za ta ba shi ya yanka ba, ya je ya ɗebo ruwan akwatin a roba biyu, ya kawo sabuwar reza da robar ɗaure kuɗi, shi ne mai miƙa kaya yau. Ya ce duniya ta lalace tunda mai wanke almakashi ta zama likita. Ya tafi ya kawo.

A kan teburin kicin suka yi aikin. Ta sa safar hannu, ta ciro dutsen da murjanin a kai ta sa a roba. Wari ya tashi, irin na ƙwan da ya lalace. Mai Tabarau ya kawar da kai, ta ce ya juyo, wanda ya jawo ciwo ba ya rufe ido a ɗakin tiyata. Ta yanka sama da baƙin, inda tsokar ke da tauri, yanka ɗaya. Ruɓar ta ci ta tsakiya fiye da yadda ake gani a waje, sai da ta raba saman biyu ta kankare. Abin da ya rage gutsure biyu ne, kowanne bai fi babban yatsa ba. Ta ɗauraye su a roba ta biyu, ta ɗora kowanne a kan tsakuwarsa, ta ɗaure da robar kuɗin sako-sako.

Yana riƙe mata fitilar waya duk da hasken rana, yana faɗin wai ta karkace, wai likitocin da ta yi wa aiki sun yi haƙuri. Ta ce ya yi shiru ko ta haɗa da harshensa, rezar tana da sauran kaifi. Suka mayar da tsakuwoyin ƙasan akwatin, nesa da fitila, inda ruwa ke kaɗawa a hankali. Gutsuren suka zauna a dunƙule, ba alamar komai.

Ta tsaya wanke hannu. Ya zo bakin ƙofar kicin ya jingina.

"Yaron ya rame?"

"Ya yi baƙi dai. Yana cin abinci."

"Ya tambaye ni?"

Ta bar famfon yana zuba. Shekara talatin ta san yadda ake gaya wa dangin majinyaci magana mai daɗi a bakin ƙofa, kuma ba ta taɓa jin nauyin hakan ba. Amma wannan mutumin tare suka sha duka a wurin kaka ɗaya, in ta yi masa ƙarya zai gani a bayan wuyanta.

"Bai tambaya ba," ta ce. "Da farko ma cewa ya yi ka zubar da akwatin, ka riga ka iya. Sai da na shiga mota ya biyo ni da ma'aunin. Ya ce in gaya maka don murjanin ne."

Mai Tabarau ya gyaɗa kai sau biyu. Ya koma falo ya zauna a kujerarsa. Ta bi shi ta tsaya a bayansa, ta rasa zagin da za ta yi masa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Can ta ce ai yaron gado ya yi, taurin kan nan ba daga ɓangarensu na maza ya fito ba, su mutanen kirki ne. Ta ƙara da cewa in ya ga dama ya yi kuka, ruwan gishiri ne shi ma, amma ya yi nesa da akwatin.

Sai ya yi dariya, gajeriya, ta hanci, irin wadda ba ta kai ido.

"Kin ci ni yau, Allura. Ba ni da ta cewa."

Ya nuna gutsuren da ke dama, wanda ya ɗan fi girma. Ya ce wannan nata ne, ladan tiyata. In ya kama tsakuwar ta zo ta ɗauka, ta kai shi duk inda ta ga dama, shi ba zai tambaya ba.

"Wataƙila ba zai karɓa ba," ta ce.

"Na sani."

"Wataƙila ma ba zai rayu ba. Sai nan da sati uku za a gane."

"To ki riƙa zuwa duba majinyacinki. Ni ba a ba ni amana."

Ta ɗauki kofi ta ɗebi ruwan akwatin ta zubar, ta ciko shi da tataccen ruwa ta miƙa masa. Ya tashi ya karɓa da hannu biyu. Ruwan yana ta tangaɗi a kofin, sai da ta riƙe masa gwiwar hannu kafin ya iya zubawa.