Kafet a Bakin Giɓi

Da safiyar nan, jajibirin bikin sabuwar shekararmu ta Nauruz, na gaji da tsayuwa a layin gas, na jingina da wata bishiya. Ina ɗagowa, sabuwar rigata ta yi fari fat daga kafaɗa har ƙugu.

Maƙwabcina Shuhrat ya tuntsire da dariya. "Sannu, bishiyar hukuma! Kafe a nan kawai, gobe in Mai Girma ya wuce ya ɗaga maka hannu."

Na duba da kyau. Bishiyar ta bushe tun bara, watan da aka dasa ta da kiɗa da jawabi. Farar ƙasar da ta ɓata mini riga ma ɓangaren titi kaɗai aka shafa mata. Allah ya ƙara wa manyanmu basira!

Na buɗe baki zan yi masifa, sai na tuna katangar gidana. Bara a gaban tukunyar sumalak, kunun alkamar nan da muke tuƙawa muna faɗin buri, na rantse zan gyara inda ta rushe. Giɓin na nan daram. Matata Nigora kuwa ta yi mini kashedi: "Baban yara, Inna za ta zo da la'asar. Muddin ta ga giɓin nan, zan bi ta gida, kai ka yi bikinka da ragon Shuhrat."

To, ni ɗalibin manya ne. Na garzaya gida na rataya kafet ɗin aurenmu a bakin giɓin, kyakkyawar fuskar na kallon tsakar gida.

Surukata ta zauna, ta yaba ado, ta ɗauki kofin shayi. Sai kafet ya motsa. Ragon Shuhrat ya turo kai, ya zarce kan faifan gurasa.

Nigora ta jawo mayafi. Na miƙe na ce: "Inna, na rantse baɗi..."

"Zauna, ɗana," in ji tsohuwa, tana share hawayen dariya. "Rantsuwar nan ce ta gajiyar da kai. Bar ta. Ɗauko tubali ɗaya ka aza."

Na aza. Nigora ta harare ni, ta ajiye mayafin.

Don haka bana ban ɗauki alkawarin komai ba, na yafe wa kaina. Tubalin ya karkace, gaskiya, amma da su ranka ya daɗe ne suka aza shi, da tuni an gayyato makaɗa.