Tukunyar da Ke Tasowa Sama

Shekara talatin ke nan da Dije ta yi gardama da mijinta, marigayi Maliki, a bakin kogi a Abu Na'ama. Ya ce kada ta saki tukunyar sanholo cikin ruwa, ta ce tukunyarta ta san uwar ɗakinta. Ta saki. Tukunya ta kama hanyar Sinja tana rangaji, har yau ko gaisuwa ba ta aiko ba.

Ran nan tana dakan gahawa sai ga jikanta Mujtaba, mai sana'ar nutso da ke cire ciyawa daga bakin famfunan ban-ruwa. Ya taho da tukwanen iska biyu daga Damazin, irin waɗanda ake goyawa a shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Ɗaya zai riƙe, ɗaya ya mayar.

Ta yi masa sannu, ya amsa da sunan da jikoki ke kiran kaka a nan: "Lafiya lau, Habboba. Ke har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran gemunka ya fito, mijin banza. Mi ka kinkimo haka? Tagwaye ka haifa?"

"Wagga ta ƙarfe ce, wagga ta sanholo. Ta ƙarfen nike so. Tana zaunar da mutum daram a ƙasan ruwa, ba sai na ɗaura dalma da yawa a ƙugu ba."

"Wane ƙugu? Wanga tsinken? Ita ɗayar fa?"

"Ita fitinanniya ce. Da iskarta ta kusa ƙarewa sai ta yi sakayau, ta dinga jan mutum sama."

"Ashe ta fi ka hankali."

"Ke ce za ki yabi sanholo? Ke da taki ta yi yaji! An ce ta yi aure a Sinja, kwanoni goma ta haifa."

Dije ba ta ko ɗago kai daga turmi ba.

"Ta tafi, amma a saman ruwa ta tafi, garin nan kaf ya gan ta. Gatarin kakanka da ya suɓuce a wurin nan fa, wa ya ƙara ganinsa?"

Mujtaba ya tuntsire da dariya. Ya jingine ta sanholon a gindin rumfarta, ya saɓi ta ƙarfen zai mayar Damazin.

"Shi ke nan, amarya. Ashe dai ana sona."

"Wa ke son ka? Takaba ɗaya na yi, ta ishe ni. Ba ni yin ta biyu a kan tsinke."