Dunƙulen Kanwa a Tukunyar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo amaryar Yaya Bukar daga Gashua ba, domin ranar ce na zubar wa mahaifiyata mutunci da hannuna, kuma ina yi ina jin kaina gwana.

A unguwarmu a Nguru, duk bikin da ba Inna ce ta yi miyar yakuwa da busasshen kifi ba, to bikin da saura. Da wannan tukunyar ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ni kuwa lokacin na gama sakandaren kwana, na dawo da Turanci kaɗan da iyayi mai yawa (ko ƙwai ban iya soyawa ba, amma ina da ra'ayi a kan girkin kowa).

Inna ta shiga yin sallar azahar, ta ce in kula mata da wuta. Wuta kawai ta ce. Sai na ɗauki ludayi na ɗanɗana, tsami ya kama mini dasashi har ido ya rufe. Na ce a raina, yanzu wannan za a ajiye wa baƙi? Ai sai su ce mu ƙauyawa ne. Na taɓa jin kanwa tana kashe tsami, amma ban taɓa tambayar nawa ake sawa ba. Na ɗauko dunƙule kamar kan jariri na jefa. Miya ta taso da kumfa, na danne ta da murfi, na koma gefe ina kaɗa ƙafa.

Da aka zuba wa dangin amarya, miyar ta yi baƙi ƙirin. Baƙi suka shiga kallon juna. Gwaggon amarya, wata tsohuwa da ba ta tauna magana, ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana juya baki.

"Wannan ba tsami ba ne," in ji ta. "Tsami ai shi ke tsinka yawu. Wannan zartsi ne, ga bauri ya ɗaure mini harshe kamar na ci ɗanyar kanya, ga maƙaƙi a wuya. Hajiya, ita ce miyar da ake ba mu labari har Gashua?"

Na jira Inna ta waiwayo ta nuna ni. Ba ta ko kalli inda nake ba. Ta durƙusa ta ɗanɗana, ta ce, "Ku yi haƙuri, Gwaggo. Hannu ne ya tsufa."

Ni kuwa, 'yar boko mai gyara, na raɓe a bakin ƙofa. Ina tsaye riƙe da butar wanke hannu, ina kallon uwata tana kwashe kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta, amma kunya ta fi ƙarfina, na yi shiru.

Maganar mata ba ta kwana. Daga bikin nan aka rage kiran Inna girki, har aka daina. Ta koma sayar da ƙuli a ƙofar gida, kuma ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Wannan shirun nata ya fi mini duka ciwo.

Bayan shekara uku ciwo ya kwantar da ita, bakinta ba ya karɓar komai. Wata safiya ta ce miyar yakuwa take sha'awa. Na dafa, na kawo mata. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, sai ta yi murmushi.

"Yauwa, ta yi tsami. Yau ba ki sa mata dutse ba."

Na fashe da kuka. "Inna, ashe kin sani?"

"Falmata, farin kanwa har a kan lallenki na gani. Amma ke budurwa ce a gaban baƙi. Ni kuwa na riga na yi aurena."

Kwana tara bayan nan ta rasu.

Yau 'ya'yana suna ƙorafin miyata tana kashe musu haƙori, ni kuma ina ce musu su sha haka nan. Na iya bambance tsami da bauri da zartsi fiye da kowa a gidan nan, sai dai karatun ya yi mini tsada. Kuma idan aka ce in kula da wuta, wutar kawai nake kulawa da ita.