Rasuwar Wayata, Mai Riƙe Mini Kitso Arba'in

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da masu zuwa kitso wurina rasuwar wayata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, tana da shekara huɗu.

Marigayiya ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. Bidiyon koyon kitso arba'in ta riƙe mini, kuma kowanne na sauke shi ne ta 'yar kibiyar nan da masu shi suka yarda a danna. Ko babu data, in na jingina ta da kwalbar man gashi, sai ta nuna. Sau goma zan mayar da ita baya, ba ta tsaki. In yunwar caji ta kama ta, "ɗin-ɗin" kawai take cewa, cikin ladabi.

Ajalinta ƙanen mijina ne, wanda muke kira Injiniya don ya taɓa canja ƙwan fitila. Ya raina kibiyata. Ina tsakiyar yi wa wata mata kitso, ya ɗauki wayar ya cusa mata wata manhaja da aka turo masa, mai sato fina-finan mutane. Kwana biyu jikinta ya ɗau zafi. Ta fara nuna tallan da baki ba ya faɗa, a gaban surukata. Daga nan fuskarta ta yi baƙi. Mai gyara ya ce duk abin da ke cikinta ya bi ta.

Ta bar caja ɗaya, da tsagaggiyar riga, da ni. Bidiyo talatin da tara suna nan inda na samo su. Na arba'in, tsohuwar da ta koyar da shi ta daɗe da cire shi, kuma shi matar likita ta zaɓa na yi mata ranar Asabar. Ita ke kawo mini rabin masu zama a tabarmata. Farkonsa kawai nake tunawa.

Za a yi jana'iza gobe a rumfar mai gyara, inda zai cire abin da zai moru. Injiniya ne zai ɗauko gawa daga can, a ƙafa. Ana karɓar gaisuwa a ɗakina. Matar Injiniya, da ta ce ai waya ce kawai, ta zo da kanta a tsefe. A kan nata zan nemo sauran kitson, ko sau nawa zan kwance, kuma hannuna ba shi da taushi kwanan nan.