Masu Cin Baƙin Mai a Garkar Gwaggo

"Lafiya lau, Amarya. Yau ma kashin kajin kika riƙo mini tsaraba?"

"Buhu guda, Angona. Shi ya dace da kai, tunda babu haƙoran cin tsire."

Haka Malam Sada ya tarbi jikarsa Zakiyya a Tsiga ta ƙasar Bakori. Tsohon nan akwai taurin kai, ni shaida ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bara gara ta dame shi, sai ya karɓo baƙin mai jarka biyu wajen masu gyaran tarakta, ya tuttula a gindin rumbu. Ruwan sama ya kwashe man ya kai garkar marigayiya matarsa, Gwaggo Ummukulsum, inda ta shekara arba'in tana shuka kuɓewa. Ko ciyawa ta daina fitowa. 'Ya'yansa suka ce in damina ta faɗi wurin bai farfaɗo ba, siminti za a malala a huta. Zakiyya, wadda ta karanci ƙananan halittu a jami'a, ta ce a ba ta wata huɗu. Tun daga nan duk sati biyu sai ta zo daga Funtua.

"Wai ma'aikatan naki da ba a gani suna nan kuwa?"

"Suna nan cikin ƙasa da taki, suna cinye man da wani tsoho ya zuba. In an juya ƙasar sun sha iska, an yayyafa ruwa, sai su yi ta hayayyafa."

"Shekarata saba'in da tara, ban taɓa ganin mai rai ya sha baƙin mai ya kwana ba. Da kiwon awaki aka sa ki, da yanzu mun ga amfaninki."

"Kai da ranar nan ka yi wa turmi sallama, ina za ka gan su?"

"Turmin ya fi ki ladabi, bai mayar mini da magana ba."

Suka zagaya garka, ni kuma na leƙo ta katanga don kada a ba ni labari. Zakiyya ta tarar an juye ƙasar tsaf, ga danshi, ga kuma wani fari-fari da tururuwa suka yanyame.

"Malam, wa ya zuba koko a nan?"

"Kaji ne."

"Kajin gidan nan har damu suke yi?"

Na kasa haƙuri, na ce, "Kullum ya dawo masallaci da asuba sai ya juya ƙasar, ya ba ta ruwa, ya bi da ludayi biyu na koko."

Ya watso mini harara, sannan ya gyara murya.

"To, ba ke kika ce masu rai ne ba? Baƙo ya sauka gidana, yana mini aiki, ya karya da kashin kaji? A ji a Bakori a ce Sada ya yi rowa?"

"Har da sukari?"

"Ranar Juma'a kawai."

Dariya ta kai Zakiyya ƙasa. "Kai, Angona! Tururuwa ka yi ta kiwo. Amma juyin nan da ruwan, su ne aikin."

Sai ta nufi kusurwar da ta kife da tsohon kwando. Wancan zuwan ta binne wake goma a nan don gwaji. Sau uku tana yin haka a baya, ko ɗaya bai tsira ba. Ta ɗaga kwandon. Tara sun fito, kore shar.

Malam Sada ya durƙusa ya shafa ganyen da yatsa ɗaya. Wallahi ni ma sai da idona ya ciko. Ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da wani ƙullin tsumma.

"Ungo sadakinki. Irin kuɓewar kakarki ne. Tun da ta rasu yake ƙarƙashin matashina, na ɗauka ba shi da sauran wurin zuwa."

"Ka sallama ke nan, tsoho?"

Ya yi dariya har dasashi ya bayyana. "Na sallama, Amarya. A gaya wa masu siminti su nemi wani wurin. Amma kokon gobe yana nan, ba na korar baƙo da yunwa."